Takruni a Shafin Farko

Safiya ce ta tono wannan magana. Ta bugo mini waya daga Jidda, wai ta bincike akwatin takarduna kaf, ta ga kowace fitowa ta Tabarma amma ban da wadda aka yi rigima a kanta, ko kunya ce ta sa na ƙone ta? Kunya! Ni? To ku gyara zama, ke da 'yan'uwanki, tunda abin da kuka sani a bakin matan unguwa kuka tsince shi, cewa babanku da taurin kansa ya kashe 'yar mujallar 'yan Najeriya ta Madina, ya kuma ɓata da mutumin da ya kawo shi ƙasar. Taurin kai kam ban musa ba, gadonsa na yi. Sauran kuwa ga yadda aka yi.

Sai na fara da Rasha, don can tushen abin yake. Kun san a can na karanta haɗa magunguna, tun ana ce mata Tarayyar Sobiyet. Kafin a bar mu mu taɓa ko kwalba ɗaya, sai da muka shekara muna koyon yarensu a hannun wata tsohuwa, Malama Nina, gajeruwa mai faɗa, wadda in ka karya mata nahawu sai ta dafe kai kamar an yi mata rasuwa. Ita ta cusa mini son wani mawaƙinsu na zamanin sarakuna. Talakawan ƙauye yake wa waƙa, da matan da aikin gona ya tanƙwara wa baya, da masu jan jirgin ruwa da igiya. Amma Malama Nina ta fi ganin girmansa a wani waje. Mutumin ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana riƙe da mujalla. Samari da ba wanda ya san sunansu su kawo rubutu, ya zauna ya karanta, ya buga, wasunsu har suka zo suka fi shi suna. Ga kuma masu tace rubutu na gwamnati da jan fensirinsu, kullum yana zarya a ofisoshinsu, yau lallashi, gobe dabara. Sau ɗaya, da ya ga za a rufe mujallar, ya tashi a gaban jama'a ya yabi wani babban azzalumi don ya cece ta. Aka rufe ta duk da haka. Ya koma ya riƙe wata, ya yi aiki mai kyau, amma wannan yabo bai bar cin zuciyarsa ba har ya mutu. Ranar da ta ba mu labarin, Malama Nina ta cire tabarau ta ce:

"Ku da za ku sayar da magani, wannan ba ruwanku. Amma in wani ya taɓa ba ku maganarsa ku riƙe masa, ku wanke mata fuska kawai. Kada ku canza mata fuskar har uwarta ta kasa gane ta."

Na yi dariya a raina, na ce ina ni ina riƙe maganar wani. Ashe tana jirana a Madina.

Dakta Lawal ne ya samo mini aiki a Madina, wannan gaskiya ne, kuma ba zan taɓa ɓoye shi ba. Likitan ƙashi ne, ya riga ni zuwa da daɗewa, shi ya tsaya mini har iƙama, wato takardar izinin zama, ta fito, a falonsa na kwana kafin in kama gida. Da Ummanku ta iso da ku, matarsa Hajiya Binta ce ta nuna mata inda ake samun kuka da daddawa. Duk Juma'a in an sauko daga Harami a gidansa muke cin rana. Shi ya laƙaba mini Kwamared saboda karatun Rasha, sunan ya bi ni har yau. Shi ne kuma shugaban 'yar ƙungiyarmu ta zumunci, ta likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, kuma shi ya ce tunda na fi kowa surutun littafi, in riƙa haɗa mana 'yan shafuka duk Sallah. Muka sa mata suna Tabarma, don a kan tabarma ake karanta ta ranar taron Sallah. Ba wata babbar aba ba ce. In buga a kwamfutar gida, in kai wani shago a unguwar Anbariyya a yi mini kwafi, ku ku zauna kuna danna mata ƙusa kuna faɗa a kan wa zai riƙe abin dannawar. Labarin haihuwa, wa ya koma gida, nasiha, girke-girken mata, da waƙoƙi. Amma wallahi yadda na ɗauke ta, ka ce mujallar duniya nake riƙe da ita. Ummanku ta sha cewa da na ba aikin saidaliyya rabin wannan kulawa da tuni na zama mudir, wato manaja.

A saidaliyyar, wato kemis ɗin da nake aiki, na san Ammu Bakur. Ɗan ƙasa ne, Basa'ude da takardunsa, a Madina aka haife shi, yana da shagunan dabino da gidan kansa mai hawa. Amma mahaifinsa mutumin ƙasar Katagum ne da ya taho hajji a ƙafa, ta Chadi da Sudan, ya zo bai koma ba. Ciwon sukari ke kawo shi wurina, kuma a lokacin ya fara cinye masa ido. Ɗansa Majid ke kawo shi a mota, saurayi mai tsabta, ma'aikacin banki, wanda in ka yi masa Hausa yana ji sarai amma da Larabci zai ba ka amsa. Tsohon kuwa Hausarsa irin ta kakanninmu ce, an yayyafa mata Larabcin Hijaz. Wata rana bayan na ba shi allurarsa, sai ya riƙe hannuna ta saman kanta bai saki ba.

"Ya waladi, an ce kai ne mai Tabarma."

Na ce ni ne, Ammu.

"Tayyib. Ina da 'yar waƙa a cikina, ta daɗe. Da ina gani da na rubuta da ajami, yanzu halas, ido ya tafi. Ka zo gida ka ɗauke ta kafin a kai mu maƙabartar Baƙi'a tare."

Na je da la'asar. Aka kawo shayi da na'ana'a da dabino irin wanda ba a sayarwa. Ya jingina da matashi, ya rufe idon da dama ba ya gani da shi, ya fara. Ni kuwa ina rubutawa, kuma tun daga baitin farko na san ba irin waƙoƙin da injiniyoyinmu ke kawo mini ba ce, masu "ya ku jama'a mu ji tsoron Allah" daga farko har ƙarshe.

Ni Takruni ne, ɗan Takruni, ban ɓoye ba,
Ubana da ƙafa ya zo, jirgi bai ɗauko shi ba,
Ya bar gero a gona, bai tsaya girbi ba,
Sallama ya kawo wa Manzo, bai zo neman riba ba.

Ku da kuka yi makaranta a Madina ba sai na fassara muku wannan kalma ba. Amma saboda jikokina da za su karanta a Kano: Takruni shi ne abin da ake kiran baƙin mutum wanda kakanninsa suka fito daga ƙasashenmu. A littattafan da, suna ne kawai kamar kowane suna. A bakin yaran titi kuwa dutse ne. Mu ma da muka zo da digiri, ba mu ƙi jinin komai kamar a haɗa mu da ita ba, don a gida in an ce Takari, ana nufin wanda ya zo Umra ya ɓuya. Waƙar ta yi tsawo, ta bi mahaifinsa rijiya rijiya, inda ya yi noman ƙodago a Sudan don ya sami guzuri, inda ya binne ƙanensa a bakin teku, har ranar da ya hango koriyar ƙubbar Masallacin Annabi ya zube a ƙasa. Kuma kowane ɗango da wannan kalma yake buɗewa. Da ya gama na ce masa, Ammu, wannan shafin farko za ta.

Kuskurena ɗaya, in ma kuskure ne, ɗoki. Ranar Juma'a a gidan Dakta Lawal, ana cin shinkafa, na zaro takardar na karanta musu. Ban kai ƙarshen ɗango na biyu ba na ga cokula sun tsaya. Dakta ya goge hannu a hankali, ya ce:

"Kwamared, waƙa ta yi kyau. Amma wannan kalmar ba za ta shiga Tabarma ba."

Na ce saboda me?

"Haba, kai ma ka sani. Mu baƙi ne a nan, da iƙama muke zaune. Takardar nan hannu da hannu take yawo. Shekara nawa muka yi muna nuna wa mutanen nan cewa mu ba su ba ne? Yanzu mu da kanmu mu buga a shafin farko? Kuma ba ni kaɗai ba. Ɗan tsohon ya same ni a asibiti jiya, ya roƙe ni. Ya ce da kalmar nan aka yi ta jifansa tun yana firamare, ba ya son a tara jama'a a ji ta a bakin ubansa."

Sai wani malamin jami'a da ke wurin ya kawo shawara, yana murmushi kamar ya gano maganin sauro. Wai a sa Bahaushe. Ni Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Ai ma'ana ɗaya ce, kuma karin waƙar bai karye ba, tsoho kuma ba gani yake ba balle ya san an taɓa. Wannan ta ƙarshen ita ta tayar mini da hankali. Na ce, Malam, makaho ya ba ka ajiya, sai ka buɗe ka canza don ba ya gani? Aka yi ta ba ni baki. Ban ce maganar Dakta ba ta da kan gado ba, tana da shi, musamman ta yaron. Shi ya sa na ce musu zan koma wurin mai waƙa, in ya yarda a canza, shi ke nan, waƙarsa ce.

Na koma na faɗa masa komai, har da maganar Majid, ban rage ba. Ya juya carbinsa. Sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Bahaushe? Ya shaikh, ba wanda ya taɓa jifana da Bahaushe a titi. Abin da aka jefe ni da shi, shi na tsince na naɗa a kaina. In ka cire shi, me ya rage? Labarin wani tsoho da ya yi tafiya."

Na ce to Majid fa?

"Majid ɗana ne, ina jin ciwonsa fiye da kai. Don shi na yi ta. Yanzu ba zai gane ba, ma'alesh. Kai dai in za ka buga, buga yadda na faɗa. In ba za ka iya ba, yaga takardar, ba na jin haushinka."

Da na dawo gida na tarar labari ya riga ni, Hajiya Binta ta yi wa Ummanku waya. Tana tsaye a kicin tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Abban Safiya, mutumin nan shi ya yi maka hanya. A falonsa ka kwana."

Na ce ban manta ba.

"To ka bar waƙar mana gaba ɗaya. Kada ka canza, kada ka buga. Kowa ya huta."

Na ce, Rabi, tsohon nan ba shi da ita a rubuce ko'ina sai a hannuna. In na ajiye, ranar da ya mutu ta mutu. Ta ce to sai ka sa a shafin farko, ba tsokana ba ce wannan? Na ce ban ce babu tsokana a ciki ba. Ta ajiye wuƙar ta dube ni, ta ce wannan Baturen Rashan naka da kake ta ba mu labari, shi ma ai ka ce ya sunkuya da ya ga wuya. Na ce ya sunkuya, kuma aka rufe mujallar duk da haka, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ni in za a karɓe Tabarma a karɓe ta ina tsaye. Ta ce Allah ya shirye ka, ta ci gaba da albasarta. Amma da ranar danna ƙusa ta zo, ita ta fi kowa yawan dannawa.

Ban yi a ɓoye ba, wannan ina so ku riƙe. Na sami Dakta Lawal a ofishinsa na ce masa mai waƙa bai yarda ba, ni kuma zan buga yadda take. Ya dube ni ya ce:

"In ka buga, ka buga ta ƙarshe, Kwamared."

Na ce na ji, Dakta. Na gode da duk abin da ka yi mini, kuma ba zan daina godewa ba. Na fito. Ina son mutumin nan, wallahi ina son sa.

Taron Sallah a wata istiraha muka yi shi, irin lambun nan da ake haya a bayan gari ta hanyar Yanbu. Aka shimfiɗa tabarmi, maza a nan, mata a bayan labule, aka rarraba Tabarma. Ka ji wuri ya yi tsit, sai ƙarar takarda. Ammu Bakur na zaune a kujera saboda gwiwa, Majid na tsaye a bayansa. Al'adarmu ce edita ya karanta shafin farko a bayyane, na kuwa miƙe na karanta, ban sassauta murya a kan kalmar ba ko sau ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na zo baitin ƙarshe,

Kai mai kirana da shi don ka ga na ji kunya,
Ƙara ɗaga murya, suna ne na masu doguwar hanya,

sai wata tsohuwa daga bayan labule, cikin matan da aka haifa a nan, ta rangaɗa guɗa. Wata ta karɓa. Tsohon na zaune hawaye na bin gemunsa, bakinsa na motsi yana bin baitocin. A wajen maza kuwa wasu suka tafa, wasu suka nannaɗe takardar suka tura aljihu. Majid ya saki kujerar ubansa ya fita, ya zauna a mota har aka tashi. Da aka zo sallama Dakta Lawal ya miƙo mini yatsu biyu.

Sati bai zagayo ba aka aiko a karɓi aikin. Aka ba malamin jami'ar nan, ya fitar da ita Sallah biyu ko uku, daga nan ta mutu, don haɗa mujalla ba a baki yake ba. To ku faɗa mini wa ya kashe ta. Cin ranar Juma'a ya tsaya. Hajiya Binta ta daina kira, kuma na san abin ya ci Ummanku ƙwarai, don ita ce ƙawarta ta farko a ƙasar, amma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Ku ma kun rasa abokan wasa, ɗan'uwanku Mustafa ya yi ta tambaya me ya sa ba ma zuwa gidan su Abba, ɗan Dakta. Daga baya Dakta ya koma Yanbu, daga can ya wuce gida. Kafin ya wuce gidan mun haɗu sau ɗaya a wata jana'iza a Harami, muka gaisa gaisuwar mutunci, ya tambayi iyali, na tambayi iyali. Har ya rasu ba mu koma kamar da ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma yana mini ciwo har yanzu da nake rubutu. Majid kuwa ya daina shigowa saidaliyya, sai ya tsaya a mota ya aiko direban shagonsu. Ammu Bakur bai daɗe sosai ba bayan nan, aka kai shi Baƙi'a.

Shekaru suka wuce, har na fara shirin ajiye aiki. Wata rana da hantsi ina jera kwalaye, na ɗago sai ga Majid a gaban kanta, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Yana riƙe da hannun wata yarinya cikin kayan makaranta, idonta ya kumbura. Na zaci magani suka zo saye. Ya buɗe baki, sai na ji Hausa, karyayya, kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi. Tunda na san shi ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Ammu. Wannan Rim, 'yata. Yau a madrasa an ce mata... kalman nan. Waƙan babana, kana da shi?"

Ina da kwafi ɗaya tak da na ajiye wa kaina, kuma a aljihun tebur na saidaliyya yake zaune duk shekarun nan, ban san dalili ba. Na ɗauko na miƙa masa. Ya juya shi, ya dawo mini da shi, ya ce mini da Larabci wai ba ya iya karanta bokon Hausa. Sai na ce wa abokin aikina ya riƙe kanta, na ja su gefe wajen kujerun masu jira. Na fara karantawa. Ina faɗin kalmar farko yarinyar ta ƙanƙame hannun ubanta ta sunkuyar da kai. Majid ya ɗago mata haɓa. Ina karanta baiti, yana juya mata shi da Larabci, gero, rijiyoyi, ƙanen da aka binne a bakin teku. Kalma ɗaya ce bai juya ba, don ba ta bukata. Duk inda ta zo sai ya dafa ƙirjinsa ya faɗe ta da kansa. Wajen tsakiya muka ɗan tsaya, muka ci gaba. Da muka gama yarinyar ta tambaye shi da Larabci, da gaske da ƙafa ya zo? Tun daga ina? Ya dube ni, don shi ma bai san amsar sosai ba. Na ce mata tun daga wani gari da ake kira Katagum, kuma in ta dawo wata rana zan nuna mata a taswira.

Ya tashi zai tafi, ya tsaya yana kallon takardar a hannuna, ya kasa roƙa. Na ninke ta na sa a jakar makarantar Rim na ja zif.

To Safiya, kin ji inda take. Ba a ƙone ta ba, tana gidansu. Kuma yadda tsohon ya faɗe ta haka take, ko wasali ban taɓa ba.